Hali Zanen Dutse Ne? Gardamar Masu Kallon «Gidan Badamasi» a Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas, da zarar kaka ta yi, aka ɗaure hatsi aka kai rumbu, sai dare ya yi tsawo, hira kuma ta yi daɗi. A da can tsofaffin mata ne ke riƙe da wannan lokaci da gatana. Yau kuwa, wanda ya ratsa garuruwan Bande, Waca, Dan Ciyawo ko Malawa bayan sallar lisha zai tarar da jama'a sun yi cincirindo gun mai shayi, ko a zauren wani mai hali da ya kafa parabol bisa soronsa, ko kuma samari huɗu sun haɗa kai bisa waya guda da aka cika wa wuta da hasken rana. Abin da suke kallo sau da yawa wasan kwaikwayo ne mai dogon zango daga Kano. In an gama kallo kuma ba a watsewa, don a sa'an nan ne ake buɗe shari'a: a ɗauko mutanen cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, a auna halin kowa, kamar dai maƙwabta ne da za a gamu da su gobe a bakin rijiya.

Ba abin mamaki ba ne wasannin Kano su samu gindin zama a nan. Gundumomin biyu suna jingine da iyakar jihar Jigawa ta Najeriya. Hanyar da ta bar Magarya ta bi ta Tinkim tana faɗawa Ɓaɓura, daga nan sai Kano. Mutanen Dungas kuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kamar tasu ce. Harshe ɗaya ne, aure ya haɗa, fatauci ya haɗa. Tashar Arewa24, wadda ta soma aiki a 2014, tana shigowa ta tauraron ɗan'adam ba tare da ta tsaya wa ɗan duwan ba, wanda kuma ba shi da parabol sai ya je kasuwa wurin masu tura fim a waya.

Cikin wasannin da suka shigo ta wannan hanya, «Gidan Badamasi» ya fi kowane jawo gardamar da ake magana a kai. An fara nuna shi a 2019, Falalu A. Ɗorayi ne ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta. Labarin wani tsohon attajiri ne, Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ya fito a matsayinsa: mutum mai yawan aure-aure, wanda ya tara ƴaƴa daga ɗakuna dabam-dabam bai tsaya ga tarbiyyarsu ba, ga shi kuma da riƙon dukiya. Da tsufa ya zo, sai ƴaƴan suka kewaye shi, kowa da dabararsa, kowa idonsa na kan abin da ke hannun tsoho. Wasan ban dariya ne, kuma ana dariyar har da riƙe ciki. Sai dai a wannan yanki dariyar tana da ƙaya a ciki. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 570.000 a gundumar Magarya, da fiye da 350.000 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Binciken lafiyar iyali na wannan shekara ta 2012 ya nuna cewa a jihar Damagaram haihuwar mace guda, in aka yi rabon daidai, ta haura yara 8. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai da iyalinsa, yau jikoki ne ke rabonta da igiya. Saboda haka gidan da ƴan uba ke harare-harare tun mahaifinsu na numfashi ba tatsuniya ba ce ga Bamagarye. Ya san gidan, wani lokaci ma a cikinsa ya kwana.

Tambayar da ta raba masu kallo ita ce: shin ya kamata mutanen gidan Badamasi su sake hali, ko kuwa a bar su yadda aka san su?

Samari da yawancin masu zaman gun mai shayi ba su son a taɓa kowa. A ganinsu Yaya Ɗankwambo, wanda Nura Ɗandolo ke fitowa a matsayinsa, ranar da ya natsu ya zama mutumin kirki, ranar ce wasan ya mutu. Ba don su koyi zaman duniya suka zauna ba; sun wuni a gona ko bisa kabu-kabu, abin da suke biɗa shi ne su ga mutumin da suka sani ya sake faɗawa ramin da ya faɗa makon jiya. Kada a yi gaggawar raina wannan ra'ayi, domin yana da tushe mai zurfi. Gizo bai taɓa tuba ba. Kowane dare sai ya cuci Ƙoƙi ko ya yaudari kura, a kama shi, ya sha kashi, a ce ƙurunƙus, gobe kuma ya dawo da halinsa cif. A wasan kara na Damagaram, wanda matasa ke yi bayan girbi, mai kwaikwayon gwamna ko alƙali ba ya nuna yadda mutum ke sauyawa. Tafiyarsa da muryarsa da girman kansa yake ɗaukowa, jama'a su gane shi nan take su fashe da dariya. Haka Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a radiyo da telebijin na Kaduna kafin rasuwarsa a 2023: da an wayi gari Samanja ya daina tsawa, ya gyara Hausarsa ta bariki, da masu saurare sun ce an sace musu mutum. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma wasan ban dariya tun asali bisa wannan dutse aka gina shi.

Dattawa kuwa, musamman waɗanda suka yi samartaka zamanin Janar Seyni Kunce, da wani ma'auni suke awo. Su sun san lokacin da Télé-Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga kowa da kowa a 1979, bayan telebijin ta lakwal da aka gwada tun 1964, sun kuma san akwatunan da gwamnati ta kafa a garuruwa don kallon jama'a, da wasannin samariya, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan radiyon Damagaram wadda Yazi Dogo da abokansa suka ɗaukaka. A irin waɗannan wasanni, galibi ba a tashi sai an yanke hukunci: macuci ya ji kunya gaban sarki ko alƙali, mai almubazzaranci ya ga ƙarshen dukiyarsa, kowa ya koma gida ya san inda gaskiya ta faɗi. Ga wanda ya tashi da wannan, wasan da za a yi zango bayan zango ana nuna ɗa yana yi wa mahaifinsa dabara, ba a ga ranar nadama ba, bai cika wasa ba. Kuma suna tsoron yaran da ke zaune gaba-gaba a tabarma su ɗauka cewa haka ake yi wa uba.

Duka ɓangarorin biyu akwai abin da suka manta, shi ne tsawon zango da kansa. Gatana dare ɗaya ce, wasan samariya ma yamma ɗaya ne. Wasan da ya shekara biyar ko goma kuwa, ko marubuci bai so ba, lokaci zai shiga cikinsa ya yi aikinsa. A Amurka akwai wani wasan iyali, «The Simpsons», da ake nunawa tun 1989, yaron gidan kuma bai wuce shekara 10 ba. Amma shi zane ne, zane kuwa ba ya tsufa. Ɗan'adam ba haka yake ba. Masu kallon «Daɗin Kowa», wasan da Arewa24 ta fito da shi tun farkon kafuwarta, wanda ya ci lambar yabo ta Africa Magic a 2016, sun ga yaran da aka fara da su sun girma a gaban idonsu, murya ta buɗe, ƴan mata sun isa aure, dole labari ya bi su. Sun kuma ga abin da ya fi wannan nauyi, domin Mato Yakubu, wanda duniya ta sani da Malam Nata'ala, ya rasu a 2025, kuma a yankin da kusan kowane gari ke da yaran da aka kai gabas ko Kano karatun allo, malamin tsangaya na cikin wasa ba baƙo ba ne. Ko a «Labarina» na Aminu Saira, da Nafisa Abdullahi ta bar wasan aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana musu ko wannan Sumayyar ita ce waccan, alhali suna ɗaya ne, labari ɗaya.

Amma maganar da ta fi kowace kaifi daga cikin gida take fitowa, wurin matan da ke kallo a waya bayan an kwashe tuwo. Su ba ƴaƴan Badamasi suke tuhuma ba. Abin da suke dubawa shi ne wa ya fara. Mutumin da ya auri mace ya sake ta, ya auri wata ya sake ta, ya bar kowace da goyo ta koma gidan iyayenta, in ƴaƴan suka taso ba su san shi ba sai ta wajen aljihunsa, wa ya koya musu? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In akwai wanda ya kamata a ga ya sauya, to tsohon ne, kuma ba da kuka da neman gafara a zango na ƙarshe ba. Irin wannan suna da sunan da suke kiransa, tuban muzuru, kaza a baki. Sun ga irinsa da yawa a zahiri: maigida ya rantse gaban waliyyai an maida aure, kafin watan ya mutu ya koma gidan jiya. Don haka in wani a cikin wasa ya wayi gari da carbi a hannu alhali makon jiya yana zamba, ba su tafa masa. Jira suke su ga ko zai biya abin da ya ci.

A nan ne gardamar ta bar akwatin telebijin ta shigo gari. Magarya da Dungas ƙasar masu tafiya ce da masu komowa. Bayan girbi samari na tafiya cin rani Kano da Legas, wasu su miƙa Agadas har Libiya da Aljeriya. Almajiri na tafiya da allo yana ɗan shekara bakwai ya komo da gemu. Bazawara na komowa gidan ubanta. Wani kuma daga gidan kaso yake fitowa. Kowanensu in ya sauka a tasha, tambayar da ake yi wa Ɗankwambo ita ke jiransa: shi ne dai wanda aka sani, ko wani ne? Wanda ya tafi da sunan ɓarawon akuya, ko ya yi shekara goma yana kasuwancin halal a Sabha, sai ya tarar sunan na zaune a dandali yana jiransa, kuma ran da zai nemi aure ko ya nemi a ba shi aron gona, da wannan suna za a auna shi. Jama'a kan yi wa ƴan wasan kansu haka. Zahra'u Sale ta zama Adamar Kamaye a bakin kowa, Hauwa Ayawa ta zama Azima, har sunan yanka ya kusa ɓacewa, wasu ma ba su rarrabe halin matar da ke cikin wasa da na wadda ta ari rigarta. Ashe ba kullum mai hali ke zana dutsen ba. Sau da yawa maƙwabta ne ke riƙe da ƙusar.

Saboda haka marubutan Kano suna da aiki mai wuya a hannunsu, ko sun san da masu kallon Guci da Dogo-Dogo ko ba su sani ba. In suka bar mutanensu daskare shekara da shekaru, sun gaskata masu cewa ɗan'adam ba ya gyaruwa. In suka wanke su dare ɗaya don a rufe zango da daɗi, matan cikin gida za su gane ƙaryar tun kafin a rubuta sunayen ƴan wasa. Abin da ya fi kama da gaskiya, kuma ya fi wuyar rubutawa, shi ne mutum ya ragu kaɗan-kaɗan: marowaci ya ciro kuɗin magani yana gunaguni, ɗan da ya zo don gado ya samu kansa yana jinyar tsoho bai san lokacin da abin ya shige shi ba, gobe kuma tsohon hali ya ɗan leƙo. Wannan ba ya kashe dariya, don mai ƙoƙarin barin halinsa yana tuntuɓe ya fi mai halin ban dariya.

A gun mai shayi dai ba a kai ga yanke hukunci. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya batir yakan yi sanyi, mai shayi ya fara kife kofuna, dattawa su riga kowa tashi. Samarin da za su bi motar asuba zuwa Maigatari sukan tsaya a tura musu kashi na gaba a waya, don su kalla a hanya.