Kowane Itace da Aikinsa

Ga wani bayani a kan itace mai tauri da mai taushi, domin mai saye ya san abin da ya biya, mai sara kuma ya san abin da ya kayar.

Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ratsa wajen masassaƙa, zai ga turmi da taɓarya da akushi da ƙota da allo. Duka itace ne, amma ba iri guda ba. Turmin kirki na kirya ne, gama kirya na da nauyi, cikinta ja ne, gara ba ta samun ta da sauƙi. Gawayinta kuwa shi maƙera suka fi so, don wutarsa na da ƙarfi. Marke shi ne na dirka, da ƙotar gatari da ta fartanya. Allo kuwa tun kaka da kakanni da aduwa ake sassaƙa shi, saboda fuskarta na yin sumul, alƙalami ba ya tuntuɓe, ana wanke shi shekara da shekaru bai lalace ba. Waɗannan su ne masu tauri, har da kanya da tsamiya da bagaruwa.

Masu taushi su ma ba a raina su. Danya ba ta da nauyi, tana karɓar gizago, shi ya sa ake akushi da ita. Da rimi ake fafe kwalekwale a ƙasashen ruwa. Dashi in an kafa reshensa a shinge sai ya kama, ya tsiro. Kuka kuwa cikinta kamar soso yake, cike da ruwa, ba ta katako, ba ta wutar kirki; arzikinta na ga ganye da 'ya'ya da ɓawon da ake igiya da shi.

To, mene ne asalin wannan bambanci? Jikin itace 'yan ƙananan kafofi ne jere da juna, ido ba ya ganinsu. Inda bangon kafofin ya yi kauri, suka matsu, sai itacen ya yi nauyi da tauri, kuma galibi irin wannan a hankali yake girma. Sa'an nan ko a gungume guda akwai zuciya, akwai farin da ke kewaye da ita. Farin nan akwai abincin ƙwari a cikinsa, zuciyar kuwa ta tara wani sinadari da gara ke gudu.

Sai dai fatake su lura da wani abu. Lissafin Turawa dabam ne da namu. Su duk itacen da ke fure, mai faffaɗan ganye, sun sa shi a ajin masu tauri. Ajin masu taushi kuwa na itatuwa ne masu ganye kamar allura, irin fayin na ƙasashen sanyi, wanda aka dasa kaɗan a Jos da Afaka kusa da Kaduna. A wannan lissafi kuka ma mai tauri ce! Haka obeche, farin katakon nan da ake kawowa daga Kudu, alhali busasshiyar kirya ta ninka shi nauyi har fiye. Giginya kuwa, wadda ake azara da ita, ba ta cikin ko ɗaya, dangin dabino ce da goruba. Saboda haka kada suna a takarda ya ruɗe ka. Ɗaga katakon ka ji nauyinsa, ka danna farce, ka dubi bakin yanka ka ga ko zuciya ce ko fari. Farin katako ya dace da silin da akwati, amma wanda ya kafa shi a ƙasa don araha ya yi wa gara liyafa. Araha ba ta ado.

Abin damuwa shi ne masu taurin suna ƙarewa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a ƙasar Gumel, gatarin masu gawayi ya bi sauran. Kiryar da ta isa turmi ta girmi mai saranta, ga shi ana ƙone ta a kwana ɗaya. Hukuma ta dasa jerin itatuwa na tare iska tun wannan yanki yana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, yawancinsu darbejiya da turare. Darbejiya baƙuwa ce, asalinta ƙasar Hindu, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Tana saurin girma, in an sassabe ta sai ta sake toho.

Shawara ita ce a raba aiki. Wutar girki da ta karatun dare a nema daga rassan darbejiya, a bar kirya da marke da aduwa su girma. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar, in ya tarar da tohonsu wajen sharar gona, ya bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya datse sauran. Da wannan dabara maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suka maido da itatuwa gonakinsu. Malam kuma, in ya miƙa wa almajiri sabon allo, ya gaya masa itacen da aka sare aka yi shi, ya sa shi ya shuka wani a madadinsa.