Tufkar kwana biyar, warwarar kwana biyu

"Ni fa ko ruwa na sha sai ya zama kitse." Duk wanda ya zauna da masu fama da ƙiba ya san wannan kuka. Mutum ya rage tuwo, ya bar shayi mai kauri, yana zagaya unguwa a ƙafa bayan sallar asuba, amma wata ya ƙare sikeli yana nan inda yake. Ba ƙarya yake yi ba, ya yi ƙoƙarin. Sai dai in ka bi diddigi, lissafin da yake ba ka na Litinin zuwa Alhamis ne. Abin da ya shiga ciki daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi ba a sa shi a lissafi, alhali wannan tsakani ya kai kusan sulusin mako.

A shekarar 2008, Susan Racette da abokan aikinta na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mutum 48 masu shekara 50 zuwa 60, waɗanda aka sa wa ido har shekara guda. An sa wasu su rage ci, wasu su ƙara motsa jiki. Masu rage ci nauyinsu yakan yi ta sauka a ranakun aiki, da an shiga ƙarshen mako sai ya tsaya cak. Masu motsa jiki kuwa ƙaruwa ma nauyinsu yake yi a waɗannan ranaku, kuma Asabar ce ta fi kowace rana ɓarna. Kafin nan, a 2003, wani nazari na Jami'ar North Carolina ya nuna Amurkawa 'yan shekara 19 zuwa 50 kan ƙara kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 115 a kowace rana daga Juma'a zuwa Lahadi. Wannan bai kai ƙaramar kwalbar lemo ɗaya ba, amma in aka tara na shekara, a kan takarda ya haura kilo biyu na kitse, tunda kilo ɗaya kusan kalori 7,700 ne.

Amurkawa aka auna, ba mu ba. Amma wanda ya san yadda Asabar da Lahadi suke a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba sai an kawo masa alƙaluma ba. Ɗaurin aure da safe, walima da rana, dina da dare, kashegari suna ko ziyarar dangi. Ga waina da miyar taushe, ga shinkafa da soyayyar kaza, ga alkaki da dubulan da cincin a leda a tafi da su gida, in dare ya yi a tsaya wurin mai tsire ko balangu. Mu ƙaddara mace ta rage kalori 400 kullum na kwana biyar, ta tara 2,000 ke nan. Kwalba biyu ta lemo mai santilita 50 kaɗai sun haura kalori 400. Cokalin mai ɗaya kusan 120 ne, kuma ba wanda ke ƙirga cokali a girkin biki. Ƙarin kalori 1,000 ranar Asabar da wani 1,000 ranar Lahadi ba abu ne mai wuya ba, kuma shi ke nan wahalar mako ta tashi a banza.

Ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Wani masanin halayyar ɗan'adam, John de Castro, ya daɗe da nuna cewa gwargwadon yawan abokan ci, gwargwadon yawan abin da mutum zai ci, saboda zaman yakan yi tsawo, hira na tafiya hannu na kai wa baki. A wurinmu akwai ƙari, wato kunya. A gidan surukai ko na gwaggo, ka tsame hannu da wuri a ce ka raina girki. "Haba ɗana, ƙara mana, ai ba ka ci komai ba." Wa zai iya musu? Sai kuma tunanin da na fi ganin illarsa, wai na wahala duk mako, yau ranar hutu ce, bari in rama. Wanda ya matsa wa kansa fiye da kima ranar Talata, shi ne ya fi saurin ɓallewa ranar Asabar.

Lemon kwalba ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, wato kusan giram 50 ga babba. Kwalba ɗaya mai santilita 50 ta riga ta cinye wannan kason. Ga shi ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif. Lemon malt da ake ɗauka kamar maganin ƙarin jini shi ma cike yake da sukari, haka zoɓo da kunun aya in mai haɗawa ta saki hannu.

Sai safiyar Litinin, a hau sikeli a ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru, hankali ya tashi. Yawancin wannan ruwa ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yakan riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa, gishiri da dunƙulen magi su ma suna sa jiki ya tara ruwa, ga abincin da bai gama fita ba. Zuwa Laraba ko Alhamis akasarinsa zai tafi. Kuskuren shi ne mutum ya hukunta kansa da yunwa ranar Litinin (ba azumin nafila nake nufi ba, wannan ibada ce), domin yunwar ce ke sake ɗana tarkon Asabar mai zuwa. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin kuwa, tsallake abinci haka kawai na iya faɗar masa da suga har ya suma.

Akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994, na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya kuma nauyin bai dawo ba har shekara guda. Binciken da aka yi a kansu a 2004 ya gano cewa waɗanda cinsu na Asabar da Lahadi bai bambanta da na sauran ranaku ba sun fi masu sakin jiki damar riƙe nauyinsu da ninki ɗaya da rabi.

Ba wanda ya ce a daina zuwa biki. A karya kumallo kafin a fita, ko da ƙosai da koko ne, kada a isa da yunwa. In taro uku ne a rana, a zaɓi ɗaya a ci sosai, sauran a taɓa don sauke nauyi. A nemi ruwa maimakon kwalba ta biyu. Ledar kayan gara a raba wa maƙwabta tun ranar, kada ta kwana uku a ɗaki ana tsakura. Barci ma yana da hannu: wanda ya raba dare yana hira ko kallon ƙwallo yakan ci wani abu bayan abincin dare, kuma wani gwaji da aka yi a Jami'ar Colorado a 2019 ya nuna ramuwar barci a ƙarshen mako ba ta gyara abin da ƙarancin barcin ranakun aiki ya ɓata a jiki.