A Daina Cire Kan Batir Injin na Aiki

Na gaji da ganin wannan ɗabi'a. Daga tashar Magarya har garejojin Dungas, da mota ta ƙi tashi sai a aro batirin wani a tada ta, sannan a zare shi a mayar da nata injin na ta ruri. Wasu ma haka suke gwada altaneta: a cire kan batir, in mota ba ta mutu ba wai caji lafiya lau.

Wannan ganganci ne. Bayan tada mota, batir shi ke shanye rarar wutar da altaneta ke turowa, kamar yadda tafki ke tare ruwan kwazazzabo. Ka zare shi, wutar ta haura bolt 14 da aka saba, ta afka wa ƙwaƙwalwar mota da fitilu da ita kanta altanetar. Za ka ji bakanike na cewa, "Ai haka muke yi tun zamanin Fijo 504." To, malam, Fijo ba ta da kwamfuta, Corolla da ake shigowa da ita ta Kwatano kuwa tana da ita. Gwajin ma ƙarya yake: altaneta mai rauni tana iya riƙe injin. Mita ce ke faɗin gaskiya, bolt 12.6 a kashe, wajen 14 a kunne.

Shi kansa batir, zafin bazara da gargadar hanya suna rage masa kwana.

In za ka sayi sabo, ko a Damagaram ko a Maigatari, je da tsohon. A dubi girmansa, da lambar Ah, da gefen da kan mai alamar + yake. Duba ranar ƙira, ka guji wanda ya daɗe a shago. Wajen canzawa, kashe mota, zare makulli. Fara kwance baƙar waya, sannan ja. Wajen ɗaurawa ja ce farko. Goge farar tsatsar kai da ruwan kanwa. Ɗaure batir tam da ƙarfensa, ban da tsumma ko igiya. In mai shan ruwa ne, tataccen ruwan batir za ka ƙara, kada ka zuba na rijiya ko asid.

Tsohon kuma a mayar wa mai shago, don Allah kada a bar wa yara su fasa. Cike yake da dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.