Sauya wuyan jita mai aiki da lantarki: awo ne gaba da komi

Idan hunturu ya kama, itace yakan bushe ya takure. Makaɗan jita na Agadas da Damagaram da Yamai sun san wannan lokaci: bakin ƙarafan da ke gicciye bisa wuyan jita yakan fito yana yankar yatsa, wani jiƙon kuma wuyan kansa ya murɗe. Tsirkiyoyi shida suna jansa dare da rana da ƙarfin da ya kai wajen kilo 45. Makaɗin da ke cin abinci da wasan biki ba ya iya jiran damina. To, ko jitar ta mutu ke nan?

Amsar tana ga yadda aka haɗa ta. Mutumin da ya sauƙaƙe wannan al'amari shi ne Leo Fender, wani mai gyaran rediyo na garin Fullerton a ƙasar Amurka, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A shekarar 1950 ya fito da jita wadda aka ɗaure wuyanta ga gangar jiki da bis huɗu da ƴar farantin ƙarfe. Tunani ne irin na mai gyara: abin da ya lalace a kwance shi, a sa sabo. Jitocin Gibson Les Paul kuwa manne wuyansu yake da gam, cire shi sai gwanin gwanaye.

Kwance bis huɗu ba wuya. Wuyar tana ga awo. Mai garaya ko molo idan sandarsa ta karye sai ya sassaƙa wata, tun da yatsansa ne ke neman murya. Jita kuwa ƙarafanta a kafe suke, kowane da wurinsa. A Stratocaster da Telecaster, tsawon tsirkiya daga ƙashin da ke kan wuya zuwa jaki milimeta 648 ne, kuma dole ƙarfe na 12 ya faɗo a tsakiya, wato milimeta 324. A Les Paul tsawon wajen 628 ne. Wanda ya ɗora wuyan da awonsa bai dace ba, ko ya kwana yana ɗaure tsirkiya, da yatsa ya gangara ƙasa sai murya ta kauce. Har gindin wuyan ma ba ɗaya ba ne: na Stratocaster mai lanƙwasa ne, na Telecaster kuwa a miƙe aka yanke shi.

Idan awo ya yi, sai a zaunar da wuyan cikin gurbinsa, a huda masa ramukan bis da ɗan siririn ƙarfe don kada itace ya tsage. Kafin a matse bis ɗin sarai, a ɗaura tsirkiya ta farko da ta shida, a duba ko tazararsu da gefen wuya daidai take. Daga nan a daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, kaɗan kaɗan, ba da gaggawa ba.

Manyan makaɗa ma ba su raina jita mai haɗe-haɗe ba. Eric Clapton na Ingila ya sayi tsofaffin Stratocaster a birnin Nashville a 1970, ya ɗauki jikin wannan da wuyan waccan, aka haɗa masa jitar da ya kira Blackie. A 2004 an sayar da ita dalar Amurka 959,500.