Mu Ma Daga Gabas Muka Zo

Duk dattijon da ka tambaya asalin garin Lafiya, da Borno zai fara maka. Zai ce Muhammadu Dunama ne ya taso da jama'arsa daga can wajejen ƙarshen ƙarni na 18, suka yi ta yada zango har suka iso Shabu, daga baya suka sauka a Anane, wani ɗan ƙauyen Alago, wurin ya karɓe su, shi ya sa har gobe ake cewa Lafiyar Barebari. Ka gangara Doma ko Keana, Alago za su ce maka daga Kwararrafa kakanninsu suka fito, suka bi ta Idah, sannan Andoma ya kafa Doma, ɗan'uwansa Akyana ya zauna a bakin gishirin Keana. Migili ma Kwararrafa suke nunawa. A cikin Eggon akwai masu kai zancen har Ngazargamu, daga can su zarce Yaman. Gwandaran Shabu da Kwandere sun ce Kanawa ne da suka baro birni lokacin da fada ta rungumi Musulunci. Keffi ta Abdu Zanga ce, Nasarawa ta Makama Dogo, dukansu daga ƙasar Katsina. Da wuya ka ji wanda ya ce shi a nan ya tsiro. To, idan kowa zuwa ya yi, wa aka tarar?

Kafin a amsa, ya kamata a raba tsaki da tsakuwa, domin labaran nan ba shekarunsu ɗaya ba. Na Lafiya ɗanye ne, bai wuce shekara 250 ba, kuma ana iya bin sawunsa sarki bayan sarki. An san garin ya bi Bauci bayan jihadi. An san a zamanin Muhammadu Agwai, 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin kogi. An san ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama hedikwatar Jihar Nasarawa, kuma a 2019 Mai Shari'a Sidi Bage ya gaji Isa Mustafa Agwai. Wannan tarihi ne mai shaidu. Amma bayan Dunama akwai Borno, bayan Borno kuma akwai Saifu ɗan Zi Yazan, kuma daga nan ne ƙasa take fara santsi.

Saifu mutum ne da ya rayu. Basarake ne na Yaman wanda ya nemi taimakon Farisa ya kori Habashawa daga ƙasarsa wajen shekarar 570. Sarakunan Kanem da Borno, waɗanda ake kira Saifawa, sun ce shi ne kakansu, suka riƙe wannan nasaba har gidansu ya faɗi a 1846. Tun ƙarni na 13 marubucin nan Ibn Sa'id ya rubuta cewa sarkin Kanem yana danganta kansa da Saifu. Sai dai masana tarihi sun lura da wani abu: da'awar ta bayyana ne bayan sarakunan sun musulunta a ƙarni na 11, sun fara zuwa hajji, sun fara musayar wasiƙu da sarakunan Masar da Tunis. Mai shiga irin wannan majalisa yana bukatar kakan da 'yan majalisar suka sani. Haka gidan Keita na Mali suka jingina da Sayyidina Bilal. Haka Yarbawa suke da ruwaya biyu a kan Oduduwa, ɗaya ta ce da sarƙa ya sauko daga sama a Ile-Ife, ɗaya kuma, wadda Samuel Johnson ya kawo a littafinsa da aka buga a 1921, ta ce ɗan Lamurudu ne sarkin Makka. Mutanen Bargu suna da Kisra. Sarakunan Habasha sun ce su jikokin Annabi Sulaimanu ne da sarauniyar Saba, har aka sa wannan cikin tsarin mulkin ƙasar na 1955.

Kada wani ya ɗauka ciwon baƙar fata ne kaɗai. Rumawa sun ce kakansu Iniyas ɗan gudun hijira ne daga birnin Taroya da aka ƙone. Wajen 1136 wani malamin coci, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta cewa tattaɓa-kunnen wannan Iniyas ɗin, Burutus, shi ya kafa Birtaniya, Turawan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi a matsayin tarihi. Kowa da gabas ɗinsa.

Mu Hausawa namu Bayajidda ne, kuma kowane ɗan firamare ya san shi. Ɗan sarkin Bagadaza ya saɓa da gida, ya iso Borno da rundunarsa, Mai ya aura masa 'yarsa, sannan ya yi ta zare masa mayaƙa da dabara har ya ga ba shi da tsira sai gudu. Ya bar matar da ciki a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya shiga Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ai sai Juma'a, domin macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiba a rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sha, ya shayar da dokinsa. Gari ya waye, masu ƙarya suka yi ta cewa su ne, sai da aka ce a kawo kai. Sarauniya Daurama ta aure shi, ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida tare da ɗan matar Borno suka zama Hausa Bakwai: Biram, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Kuyangar da sarauniya ta ba shi kuwa ta haifi Karɓagari, zuriyarsa suka zama Banza Bakwai.

A nan ne mutumin Lafiya ya kamata ya gyara zama, domin a jerin Banza Bakwai ɗin, tare da Zamfara da Kabi da Nufe da Gwari da Yawuri da Yarbawa, akwai Kwararrafa. Wato ƙasar da Alago da Migili da Jukun suke alfahari da ita, ita ce aka ajiye a ɗakin kuyanga idan ana ba da labarin daga Daura. Alhali littafin Tarihin Kano da kansa ya shaida cewa Kwararrafawa sun sha kawo wa Kano yaƙi, har a ƙarni na 17 suka kutsa cikin birni, sarki ya fice. Wanda ya kori sarkinka daga gidansa ba banza ba ne, sai dai a bakinka. Idan Bajukune ne yake ba da labari a Wukari, a fadar Aku Uka, jerin yaya da ƙane dabam zai fito. Labarin asali yakan nuna maka wurin da mai ba da shi yake zaune fiye da yadda yake nuna wurin da kakansa ya taso.

Shi kansa labarin Bayajidda, masana ba su daddale shekarunsa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Bawo da rabon ƙasashe bakwai-bakwai a Infaƙul Maisuri wajen 1812. Abdullahi Smith, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi jayayya a 1970 cewa ba baƙo ɗaya ne ya kafa daulolin Hausa ba, a hankali suka tsiro daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a gindin duwatsu irin Dala da Kufena. Bajamushe Dierk Lange kuma yana ganin labarin tsoho ne ƙwarai. Ni dai na fi karkata ga Smith, ko don Barbushe da jama'arsa suna nan a Dala kafin Bagauda ya iso.

Abin mamaki shi ne yadda macijin nan yake bin mutum duk inda ya je a duniya. A Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a Tumbuktu wajen 1655, an ce wani baƙo daga Yaman ya iso Kukiya a bakin Kwara, ya tarar mutane suna bauta wa wani ƙaton kifi, ya soke shi, suka naɗa shi sarki, daga gare shi gidan Za na Sanwai ya fito. Girkawa sun ce Kadmus ya zo daga ƙasar Finikiya, ya kashe dodon da ke tsare wata maɓuɓɓugar ruwa, ya kafa birnin Tibis. A littafin Kojiki na Japan, wanda aka kammala a 712, Susano'o ya bugar da maciji mai kai takwas da giya, ya sassare shi, ya auri budurwar da za a ba shi. A Indiya, Indira ne ya kashe Biritira da ya tare ruwaye. Soninke kuwa suka juya labarin: macijin Wagadu, Bida, shi ke kawo damina da zinariya, ana ba shi budurwa duk shekara, ran da saurayin wata budurwa mai suna Siya ya fille masa kai sai fari ya sauka, daular ta watse. Su a wurinsu jarumin ne ya jawo masifa.

Babu wata alama cewa mutumin Daura ya kwaikwayi Bagirke. Matsalar ce iri ɗaya. Duk al'ummar da ta zauna wuri ɗaya sai ta amsa tambaya biyu: wa ke da iko da ruwa da ƙasa, kuma don me gidan wane ke sarauta ban da gidan wane? Labarin baƙo jarumi yana amsa duka biyun a zama ɗaya. Baƙo ba shi da dangi a gari, saboda haka zai iya raba gardama. Ya yi wa gari aikin da ya gagari kowa, saboda haka ya cancanci rawani. Amma sai ya auri 'yar gari, 'ya'yansa su zama 'ya'yan 'yar'uwa ga masu ƙasa, kawunai kuwa ba a raina su. Masanin Amurka Marshall Sahlins ya bi wannan salo daga tsibiran Fiji har Rum a wani rubutu na 1981. Mu ba sai mun je Fiji ba. A Katsina an ce Korau ya kashe Sanau ya karɓe sarauta daga Durɓawa, amma har yau Durɓi yana cikin masu zaɓen sarki. Labarin yarjejeniya ce: kai ka riƙe rawani, ni in riƙe ƙasa, kowa ya san matsayin ɗan'uwansa. Shi ya sa tatsuniya da dare ake yin ta, mai yin ta ya rufe da ƙurunƙus, ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shirga, amma labarin asali da rana tsaka ake ba da shi, a fada, gaban shaidu.

Harshe da ƙasa su ma suna da tasu shaidar, kuma ba sa jin kunyar kowa. Gwandara shi ne harshen da ya fi kowane kusa da Hausa, wannan ya ƙarfafa zancen Kano. Alago ɗan'uwan Idoma ne. Eggon da Migili suna cikin dangin harsunan Filato, danginsu suna nan kewaye da su, babu ko ɗaya a Yaman. Barbarci daga dangin harsunan Sahara yake. A ƙarƙashin ƙasa kuma, tun 1928 ake tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, maƙwabtan Nasarawa, kuma binciken baya-bayan nan ya kai farkon wannan al'ada wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen yankin nan suna narka tama fiye da shekara 1000 kafin a aza tubalin Bagadaza a 762. Ga amsar tambayar da muka fara da ita ke nan: an tarar da mutane, kuma jininsu yana jikin kowa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne 'yan tsiraru ne suka zo, gidan sarauta ko ayarin fatake ko maharba, labarinsu ya zama na gari duka.

Inda abin yake ɓaci shi ne idan aka mayar da labari makami. Turawan mulki sun zo da ra'ayin cewa duk wani abin kirki a Afirka wasu farare-farare ne suka kawo shi daga gabas. C. G. Seligman ya rubuta haka ƙarara a 1930, H. R. Palmer ya cika littattafansa da shi, C. K. Meek ya yi ta neman Masar a fadar Jukun a 1931. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan wannan ra'ayi sun koma makarantu, yara suka haddace, suka tsufa, yau ana ɗaukar maganarsu a matsayin abin da aka gada kaka da kakanni. A Ruwanda irin wannan karatu ne ya mayar da Tutsi baƙi a ƙasarsu, kowa ya san abin da ya faru a 1994. Mu ma nan, duk lokacin da aka kafa kwamitin ƙirƙiro masarautu ko aka tashi rigimar gona ko takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, sai ka ga an zaro labarin da aka shirya don zaman tare ana neman korar maƙwabci da shi. Mutumin da kakansa ya ce daga Yaman ya zo, shi ne zai kira wanda ya zo daga Kano baƙo.

Wasu ƙasashe sun samar wa labaransu wurin zama. Japan tana hutu ranar 11 ga Fabrairu don tunawa da Jimmu, wanda ake cewa shi ya kafa ƙasar, Koriya ta Kudu ranar 3 ga Oktoba don Dangun, wanda ake cewa shi ya kafa tasu, tutar Meziko tana ɗauke da gaggafar da ta nuna wa Aztek inda za su kafa birninsu a 1325. Ba wanda yake kai ɗan'uwansa kotu a kan ko gaggafar ta sauka da gaske. Mu ma muna da bikin Odu a Doma, da Oyarore na gishiri a Keana, da rijiyar Kusugu da baƙi ke zuwa gani a Daura, da wasan Barebari da Fulani wanda ya kashe faɗa da yawa tun kafin ya tashi.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin da suka san waɗannan labarai da bakinsu suna ƙarewa. Ɗaliban tarihi da na harsuna a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jiha da ke Keffi da Kwalejin Ilimi ta Akwanga, kowannenku yana da waya a aljihu. Ku je wurin makaɗan fada da tsofaffin mata masu dafa gishiri da maƙera da maharba, ku naɗi maganarsu da harshensu, ku rubuta sunan gari da ranar da aka yi hirar. Idan gida biyu suka ba ku ruwaya biyu masu karo da juna, kada ku gyara ko ɗaya, ku ajiye duka biyun.