Shirin Musamman: Tagar Farko a Fuskar Kwamfuta

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Madawa, Buza da Keita, da duk inda muryarmu ke kaiwa a faɗin jihar Tawa.

Wanda ya taɓa tura kuɗi da babbar waya ya san abin da za mu tattauna yau, ko da bai san sunansa ba. Ga akwati, ka rubuta lamba. Ga maɓalli, ka latsa. Saƙo ya fito ya ce kuɗi sun tafi. Wannan ita ce fuskar manhaja. A da kuwa baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta umarni harafi bayan harafi, in ka kuskure ɗaya na'ura ta ƙi ka. Kamfanin Xerox na Amurka ne ya ƙera kwamfutar Alto mai tagogi a 1973, sannan Macintosh ya shiga kasuwa a 1984, shekarar da aka fara aikin raya karkara na Keita. Wato sana'ar ba ta girmi itatuwan da iyayenmu mata suka dasa a tuddan Adar a wannan aikin da yawa ba.

To, ɗan lise a Buza yana son ya koyi gina irin wannan fuska da hannunsa. Ina zai kama?

Yawanci YouTube ake rugawa. A kalli bidiyo na farko, na biyu, kafin na uku mega ta ƙare, kuma mai bayanin Ingilishi yake zubawa kamar ana korarsa. Gobe a sake kama wani malamin, da wani yaren kwamfuta daban. Wata shida sai ka tarar yaro ya san sunayen abubuwa goma, bai gina ko ɗaya ba.

Shawararmu ita ce yare ɗaya da littafi ɗaya. Yaren shi ne Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma in ka sa shi a kwamfuta mai Windows yana zuwa da kayan gina tagogi da ake kira Tkinter, ba sai ka nemo wani abu ba. Littafin kuma na Gérard Swinnen ne, wani malamin makaranta ɗan Beljiyam, mai suna Apprendre à programmer avec Python 3. Da Faransanci yake, ya rubuta shi ne don ɗalibansa ƴan sakandare, ya kuma yarda a sauke shi kyauta. A ciki akwai babuka sukutum kan Tkinter. Mutum ɗaya ya isa ya sauke shi, sauran su karɓa ta Xender ko ta memori, yadda ake raba finafinan Kano. Daga nan ko babu rezo karatu ba ya tsayawa.

Wanda ba shi da kwamfuta fa? Akwai Pydroid 3 a wayoyin Android, tana tafiyar da Python har da Tkinter, sai dai rubutu a ƙaramin allo yana son haƙuri. Ƙananan yara kuma a fara musu da Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, ana jera umarni kamar tubali.

Yanzu ga aikin farko, kuma daga kasuwarmu muka ɗauko shi. Kowa ya san dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar, jika kuma dala 200. Mai sayen albasa a bakin hanyar Galmi yana ciniki da dala, amma a takarda da sefa ake rubutawa. Gina taga mai abu uku: akwatin rubuta dala, maɓalli mai suna "Lissafa", da wurin da amsa za ta fito. Layi ashirin ba za su cika ba.

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Ka rubuta 20, ka latsa, kana jiran 100, sai ka ga 2020202020 ya cika taga. Kada ka ce na'ura ta haukace. Duk abin da aka shigar a akwati, Python rubutu take ɗaukarsa, don haka ta maimaita maka shi sau biyar. Sai ka mayar da shi lamba da umarnin int kafin ka ninka. Wanda ya gyara wannan da kansa ya fi wanda ya kalli bidiyo talatin.

Abu na biyu da ke rikita sabon shiga shi ne layin ƙarshe, mainloop. Ɗauke shi kamar mai tireda: ya buɗe shago, ya jera kaya, ya zauna. Ba ya motsi sai wani ya zo ya ce a ba shi sukari. Haka taga take, tana zaune tana jiran a latsa.

Gaskiya tagogin Tkinter ba su da ƙawa. Masu son ado za su tarar da Qt da Kivy a gaba, amma ba yau ba.

Kiranmu ga malaman lise da masu shagunan kwamfuta a Madawa, Buza da Keita: ku sa Python da wannan littafi a kowace na'ura da kuke da ita. Ku kuma matasa, in kun gina tagarku ta farko, ku rubuta maɓallanta da Hausa, ku miƙa wa mai albasa ya gwada.