Eriya Fiye da Ɗaya: Aikinta da Kalmominta a Hausa

A gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, kalmomi biyu ne ake ji a kan abu guda: antan, aro daga Faransanci, da eriya, aro daga Ingilishi wadda ta shigo ta iyakar Najeriya. Kafin ma'aikatan yaƙi da jahilci su tsai da ɗaya a littafi, wajibi ne su san aikin abin, musamman a na'urorin Wi-Fi masu eriya biyu ko huɗu.

Igiyar rediyo ba ta bin hanya ɗaya. Tana bugun katanga da rufin kwano ta karkato, kamar amsa-kuwwa, har saƙo guda ya iso ta hanyoyi da dama. A wani gurbi waɗannan igiyoyi sukan ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Mai sauraren gajeren zango ya san haka, domin yakan ji murya tana dushewa tana dawowa. Tsawon zangon Wi-Fi mai gigahas 2.4 kimanin santimita 12 da rabi ne, saboda haka tazarar santimita 6 ta isa eriya biyu su ji abu dabam-dabam.

Daga nan ayyuka uku ke fitowa. Na farko, idan saƙo ya raunana a wata eriya, sai na'ura ta ɗauka daga ɗayar, ko ta haɗa su. Na biyu, mai aikawa yakan raba saƙo kashi-kashi, kowace eriya ta tura nata a lokaci guda a zango guda, mai karɓa kuma ya warware su da lissafi. Wannan dabara ce Arogyaswami Paulraj da Thomas Kailath na Jami'ar Stanford a Amurka suka sami rajistarta a 1994. Ana kiran tsarin MIMO, ya kuma shiga ƙa'idar 802.11n a 2009. Na uku, akan daidaita lokacin fitar igiya daga kowace eriya don ƙarfinta ya nufi mai karɓa.

Abin lura shi ne, yawan kashin saƙo ba ya wuce yawan eriyar ɓangaren da ya fi ƙaranci. Na'ura mai eriya huɗu da waya mai eriya ɗaya kashi ɗaya za su yi musaya. Haka kuma eriya ba ta ƙara saurin layin da kamfani ya bayar. Littafin da ya ce yawan eriya shi ne yawan ƙarfi zai sa mai karatu ɓarnar kuɗi.

Don haka ya kyautu a kawo kalmomin biyu tare a ambato na farko, sannan a riƙe ɗaya. Ayyukan uku kuwa Hausa na da sunayensu: zaɓen hanya, rabon saƙo, da saiti. A gwada su wajen masu gyaran waya a kasuwannin yankin kafin a buga.